Ƙuri'ar Saman Bene

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Malam Mu-Ƙaddara, saboda ba ya iya buɗe baki a aji sai ya fara da haka. Mu ƙaddara tanki yana yoyo, mu ƙaddara mutum uku suna haƙa rami, mu ƙaddara mota ta tashi daga nan ba ta lalace a hanya ba. Sunan ya biyo shi gida, ya hau bene tare da shi, har matarsa in ta so tsokana takan ce mu ƙaddara ka gyara famfon nan da ka yi alkawari tun bara. Ya tsufa a koyar da lissafi, abin da ya tara kuwa bai wuce furfura da ciwon wuya da tantabaru ba.

Tantabarun suna saman bene. Gidan hawa uku ne, tsohon gidan ma'aikata da aka sayar wa mazauna cikinsa, kowane hawa da iyali uku. Can sama shimfiɗaɗɗen siminti ne na kowa da kowa. Mata suna shanya a gefe guda, shi kuma ya kafa akurkinsa na katako da ragar waya a ɗaya gefen, tun babbar 'yarsa tana rarrafe. A makaranta akwai shugaba a kansa, a gida akwai matarsa, a titi akwai masu babur. A saman bene ne kaɗai yake da jama'ar da ke murna da ganinsa ba tare da ta nemi maki ko cefane ba.

Mutum ɗaya ne yake hawa wurinsa, wato Ciyaman, maƙwabcinsa da ƙofarsu ke kallon juna a hawa na sama. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, aka ɗora masa shugabancin gidan saboda shi kaɗai bai gudu ba ranar da ake neman mai riƙewa. Kowace yamma yakan iso yana nishi, ya zube a kan bencin, ya yi ta murza gwiwoyinsa, Malam kuma ya zuba musu shayi ya fara magana. Malam ke magana, Ciyaman ke saurare. Shekara da shekaru suna haka, Malam kuwa ya ɗauka shi ne mutum ɗaya a duniya da ya fahimce shi, don bai taɓa katse shi ba.

Rigimar ta zo ne ta fuska biyu a wata guda. Wani kamfanin waya ya aiko yana son hayar saman benen gaba ɗaya, ya kafa ƙarfen sabis da janareta, ya zagaye da shinge. Kafin a gama juya wannan, sai wani ma'aikacin banki da ke hawan tsakiya ya ce ai in dai za a taɓa saman, gara a yi karo-karo a shimfiɗa farantan sola kowa ya huta da ɗauke wuta. Sola za ta cinye wurin, amma za ta bar wata 'yar kusurwa a bayan ƙofar matakala, wadda in an matsa za ta ɗauki rabin akurki. Ƙarfen sabis kuwa ko igiyar shanya ba zai bari ba. Zaɓi na uku shi ne a bar saman yadda yake. Aka sa taro ranar Asabar, kowane gida ƙuri'a ɗaya.

Malam, wanda rabonsa da shiga gidan maƙwabci tun wani suna da aka yi, ya wayi gari mai zumunci. Ya bi gida gida yana gaisuwa, yana tambayar lafiyar yaran da bai san sunayensu ba, yana shan ruwan da ba ya so, a ƙarshe ya zagayo kan maganar sama. Ba abin da mutum ya fi so kaɗai yake tambaya ba, har da na biyu da na ƙarshe, domin hali ne na malami, ba ya barin amsa rabi.

Mutanen ƙasa bakinsu ɗaya. Wani tela ne mai magana da yawunsu, ya ce su ƙarfen suke so, don kuɗin hayar za a gyara kwatar da ke cika ta shigo musu ɗaki duk damina. In ba ƙarfe, to a bar saman, ko ba komai suna shanya. Sola kam ba su da abin da za su zuba a karo-karonta. Mutanen tsakiya su sola suke so, in ba ta samu ba ƙarfe, komai dai ban da barin saman yadda yake, saboda kashin tantabaru a barandarsu yake sauka. Matar mai bankin ma ta fito da wata farar riga ta nuna masa shaida. Mutanen sama kuwa, wato shi da Ciyaman da wata tsohuwa da kowa ke kira Gwaggo, a bar saman suka fi so, sai sola, ƙarfe na ƙarshe, don janareta a kan kansu zai riƙa kwana. Gwaggo kam ya je ya tambaye ta da kansa. Ciyaman kuwa Malam bai tambaye shi ba, don mutum ba ya tambayar hannunsa na dama.

Yana cikin wanka abin ya faɗo masa. In aka kara bari, wato a bar sama yadda yake, da sola, sama da ƙasa za su haɗu, bari ya ci. In aka kara sola da ƙarfe, sama da tsakiya za su haɗu, sola ta ci. In kuma aka kara ƙarfe da bari, tsakiya da ƙasa za su haɗu, ƙarfe ya ci. Kowane yana da wanda yake kayarwa, kowane yana da mai kayar da shi, abin yana zagayawa ba kai ba gindi. Ya taɓa karanta irin wannan yana ɗalibi, ya ɗauka abin cikin littafi ne kawai, sai ga shi a gidansu, tsakanin kwata da kashin tsuntsu. Ya fito da sabulu a kunne yana murmushi shi kaɗai. Matarsa ta ce tunda ta aure shi ba ta taɓa ganin mutumin da ake shirin rushe masa wuri yana farin ciki haka ba.

Da yamma bai bari Ciyaman ya gama nishi ba. Ya jera kofi da cokali da murfin buta a kan bencin, ya ce kofi shi ne a bar sama, cokali sola, murfi ƙarfe. Ya nuna masa kofi yana ture cokali, cokali yana ture murfi, murfi yana ture kofi. Ciyaman ya dube su ya daɗe, sannan ya tambaya to jama'ar gidan nan me suke so ke nan.

"Babu," in ji Malam, yana jin daɗin kalmar a bakinsa. "Tela yana da abin da yake so, Gwaggo tana da shi. Amma jama'a ba ta da. Duk wanda ya ce maka ga abin da jama'a ke so, tambaye shi wa ya jera tambayoyin."

Ya bayyana masa cewa tunda biyu-biyu aka saba jefa ƙuri'a a gidan, biyun da aka fara karawa ɗaya zai faɗi, wanda ya tsira kuma na ukun da ke jira a gefe zai zo ya kayar da shi. Saboda haka abin da aka ajiye ƙarshe shi ke ci, mai ajiyewar kuwa shugaban taro ne. Abin da Ciyaman zai yi kawai shi ne ya fara da sola da ƙarfe. Sola ta kayar da ƙarfe, bari ya zo ya kayar da sola, kowa ya koma gida.

Ciyaman ya sa ya maimaita. Ya ɗauki kayan da hannunsa ya gwada, ya ɓata, aka gyara masa, ya sake. Sai ya tambaya, in aka fara da kofi da cokali fa?

"Kofi ya ci, murfi ya zo ya take shi. Wannan kada ma ka yi mafarkinsa."

"Malam, wannan ba cuta ba ce?"

"Lissafi ne, Ciyaman. Kowa zai ɗaga hannu a kan abin da ransa ke so. Ka ga an murɗe wa wani hannu?"

Ciyaman ya ce bai gani ba. Ya shanye shayinsa, ya ce ilimi dai abin tsoro ne. Malam ya ji wannan a matsayin yabo, har ya ƙara masa sukari. A ransa yana cewa da ɗalibansa suna da rabin natsuwar wannan dattijo, da bai yi furfura da wuri ba.

Saura Gwaggo. Kunnenta ya yi nauyi, kuma a taro takan yi gyangyaɗi, sai a ga ta ɗaga hannu a inda ba a tambaya ba. Malam ya je ya durƙusa a gabanta ya sauƙaƙa mata abin. Duk lokacin da ta ji an ambaci tantabaru ta ɗaga hannu, kada ta saurari kowa, kada ta dubi kowa. Ta ce ɗan nan, ko ba ka roƙa ba, ai mijinta marigayi ma yana son tsuntsayen nan. Ta yi masa alkawari har sau biyu.

Ranar Asabar aka jera kujerun roba a tsakar gida, nesa kaɗan da kwata, ko da yake warinta bai san da nisan ba. Matan da ba su da ƙuri'a suka leƙo ta baranda. Malam ya sa rigarsa ta zuwa taron iyaye, ya zauna a gaba, ya harɗe ƙafa kamar wanda ya ga takardar jarrabawa tun jiya.

Ciyaman ya yi gyaran murya, ya gode wa kowa, ya ja maganar zaman lafiya da haƙƙin maƙwabtaka yadda ya saba. Sannan ya ce, tunda kamfani baƙo ne, bai dace a sa baƙo a gaba ba. A fara gama ta cikin gida tukuna, sola ko a bar sama yadda yake. Wanda ya tsira sai a gwada shi da na baƙo. Jama'a suka gyaɗa kai, Tela ya ce wannan magana ce ta manya.

Da farko Malam ya ɗauka tsufa ne. Dattijon ya rikita kofi da murfi. Ya yi tari, ya sake yin wani mai ƙarfi, ya ɗan ɗaga yatsa. Ciyaman bai waiwayo ba. Shekarun aji sun koya wa Malam abu ɗaya: ɗalibin da ya yi kuskure malaminsa yake kallo, yana neman a gyaɗa masa kai. Wanda ya san abin da ya yi kuwa ko'ina zai kalla ban da malamin. Ciyaman takalminsa yake kallo. Nan take Malam ya ji rigar ta yi masa nauyi.

Amma kansa bai daina aiki ba, wannan ita ce masifar sana'arsa. In bari ya ci yanzu, ƙarfe zai kayar da shi, shi ke nan babu tantabara ko ɗaya. In kuwa sola ta ci yanzu, za ta kayar da ƙarfe a zagaye na biyu, kusurwar bayan ƙofa ta tsira da rabin akurki. Sola tana da hannu uku na mutanen tsakiya. Tana buƙatar biyar. Nasa na huɗu. Saura ɗaya.

Ciyaman ya ce masu son sola su ɗaga hannu. Mutanen tsakiya suka ɗaga. Malam ya ɗaga nasa. Mai banki ya juyo yana kallonsa kamar ya ga akuya a layin cire kuɗi. Malam bai damu ba, Gwaggo yake nema. Ya yi mata alama da ido, ya yi da gira, ya yi da haɓa, har ya kai ga kaɗa mata hannun da ya ɗaga. Gwaggo ta yi masa murmushi, ta ƙara naɗe hannuwanta a cinya. Ba a ambaci tantabaru ba tukuna. Sai ya juya ga Ciyaman, ya zuba masa ido, ido na shekarun shayi duka. Ciyaman ya ƙirga hannu huɗu da bakin bironsa, ya ce huɗu.

Sannan ya ce masu son a bar sama da shanya da tantabarun Malam. Hannun Gwaggo ne ya riga na kowa tashi, tana kallon Malam don ya shaida. Mutanen ƙasa suka bi. Na biyar shi ne na Ciyaman, ya ɗaga shi sama sosai, kamar mai rantsuwa.

Aka yi tafi. Tela ya miƙo hannu ya dafa kafaɗar Malam, ya ce bai taɓa ganin ɗan takarar da ya yi wa kansa adawa kuma ya ci ba, lallai boko ya yi yawa. Wata daga baranda ta yi wa matar Malam barka. Malam ya zauna a tsakiyar masu taya shi murna, shi kaɗai ya san gawa ake yi wa tafi.

Zagaye na biyu bai ɗauki lokaci ba. Ƙarfe ya sami hannu shida, tsakiya da ƙasa. Bari ya sami uku: Malam, da Gwaggo da ta ji an sake ambatar tantabaru, da Ciyaman, wanda wannan karon ma hannunsa ya fi na kowa tsawo.

Malam ya miƙe. Ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne "mu ƙaddara", tsakar gida ta kwashe da dariya. Ya jira ta lafa, ya ce ba a kara sola da ƙarfe ba, kuma in aka kara sola ce za ta ci, a gwada a gani. Mai banki ya ɗan gyara zama. Tela ya ce a wace ƙwallo aka taɓa dawo da wanda aka fitar a zagayen farko ya buga wasan ƙarshe. Malam ya ce ba ƙwallo ba ce, da'ira ce, ya fara zana ta a iska da yatsa, yana cewa jeren ne ya zaɓa, ba su ba. Wasu suka fara tattara kujeru. Ciyaman ya ɗaga hannu ya tsayar da su.

"A bar Malam ya yi bayani, haƙƙinsa ne," ya faɗa a hankali. A karo na farko ya dube shi. "Malam, faro musu tun daga farko. Tun daga saman bene, da yadda ka ce in jera."

Malam ya dubi fuskokin da ya bi gida gida yana tambayar lafiyar 'ya'yansu. Ya dubi matar mai banki, ya dubi Tela da ke jira baki buɗe. Yatsansa yana nan a iska, a tsakiyar da'irar. Ya sauke shi, ya ce ba komai, ya zauna. Mai banki ya duba agogo, ya ce shi dai ƙarfen ma bai ƙi ba.

Matakalar gidan ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa jerawa. Malam ya tarar da Ciyaman a hawa na biyu, ya riƙe ƙarfen gefe yana jan ƙafa, babu hanyar wucewa. Dole ya bi bayansa, taki ɗaya, hutu ɗaya, yana kallon ƙeyar da ya sani fiye da fuskar wasu 'yan'uwansa.  Da suka kusa ƙofofinsu Ciyaman ya fara magana, bai juyo ba. Ya ce likita ya hana shi hawa bene, kuma ƙarshen wata zai koma ƙasa, gidan direban da aka yi wa canjin wurin aiki, wanda ƙofarsa ke bakin kwata. Jikokinsa a ƙasa za su riƙa kwana.

"Da ka gaya mini," in ji Malam.

"Gida bakwai ka shiga kana tambayar na ɗaya da na biyu da na uku. Ni kullum ina gabanka ina murza gwiwa."

"Na ba ka abin nan ne a matsayin aboki."

"Ka ba ni ne in juya maka gida shida saboda tsuntsu. Na tambaye ka ko cuta ce, ka ce lissafi ne." Ya lalubo makullinsa. "Kuma sau biyu na zaɓe ka, Malam. Kowa ya gani."

 Malam ya shiga gida, ya zauna da rigar taro a jikinsa. Matarsa ta ajiye masa ruwa, ta ce maganar komawar Ciyaman ƙasa ai har yaran gidan sun sani, matar Ciyaman ma ta fara ɗaure kaya tun watan jiya. Ya tambaye ta don me ba ta faɗa masa ba. Ta ce ta faɗa, ranar yana bayanin wani abu ne, ya ce ta bari ya kai aya.

Bai sake dafa shayi a sama ba. In suka haɗu da Ciyaman a ƙofa sukan gaisa, gaisuwa cikakkiya, da tambayar iyali da gajiya, irin wadda ake yi wa mutumin da ba a sani ba. Gwaggo kuwa duk inda ta gan shi sai ta tuna masa ta cika alkawari, shi kuma ya yi mata godiya.

Kamfani ya aiko a kwashe komai kafin ma'aikatansu su zo. Malam ya sami wani mai kiwon tsuntsaye a bayan gari, ya zo da safe da kwanduna a bayan babur. Mutumin ya ce a bar masa, aikinsa ne. Yana sa ƙafa a saman, tantabarun suka tashi gaba ɗaya, suka yi kewaye biyu, suka sauka a rufin gidan da ke tsallaken titi, suka jeru suna kallonsa. Ya yi ta kiransu da bakinsa, ya watsa hatsi, ya ɓuya a bayan ƙofa. Ko ɗaya ba ta motsa ba. Da rana ta fara zafi ya share gumi, ya ce, "Malam, waɗannan sai dai kai."

Malam ya ce ya sauka ƙasa ya jira. Ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar simintin, igiyoyin shanya duk an kwance. Ya ɗauki gwangwanin hatsi ya girgiza shi, ya yi ɗan fiton da yake yi musu. Ba su yi shawara ba. Suka taso gaba ɗaya, suka sauko a kafaɗarsa da hannunsa da bakin akurki, suna gurnani, suna ture juna. Ya zuba hatsin can ciki, suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wani tsohon namiji mai ɗingishi ya tsaya a wuyan hannunsa yana jira a ba shi a tafi, yadda ya saba. Malam ya ba shi, ya bari ya cinye, ya sa shi ciki, ya ja ƙofar ya sa sakata.

Sannan ya leƙa ƙasa ya ce wa mutumin ya hawo da kwandunan.